Saƙon Baba Sambo Zuwa Tungar Jibo

Ranar Talata da Asabar, bayan la'asar, Ruqaya take buɗe ɗakin kwamfuta na nadin Hillar Audi, wani ƙauye a ƙasar Sudan. Nadi shi ne gidan taron ƙauyen, ginin jan bulo mai ɗaki biyu a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki tun daga nan har Hajj Abdalla. 'Yan garin da ke aiki a Saudiyya ne suka haɗa kai suka aiko da kwamfutoci huɗu a shekarar 2011. Wata biyar suna lulluɓe da zanin gado, don babu wanda ya yarda ya taɓa su ya ɓata.

A lokacin ne Ruqaya ta dawo gida. Shekara goma sha bakwai ta yi tana buga takardu a wani ofishi a Wad Medani, har aka rage ma'aikata, sunanta ya fito a ciki. Mijinta ya riga ya rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Wanta Alhasan ya ba ta ɗakin da ke ƙuryar gidansa. Ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza a gidan, sai dai kowa da abin da ke gabansa. Da safe maza su tafi gona, yara su tafi makaranta, matar gida ta shiga hidimarta, ita kuwa ta zauna tana sauraron kukan kurciya. Ranar da ta ji ana maganar kwamfutocin, ta yafa mayafinta ta je ta sami dattawan nadi, ta ce za ta riƙa koya wa mutane, ba sai an ba ta ko sisi ba.

Shekarar farko ɗakin ba ya ɗaukar jama'a. Mata suna zuwa su yi magana da mazajensu na Jidda, ɗalibai su duba sakamakon jarrabawa, manoma su tambayi yadda ake sayar da riɗi a manyan kasuwanni. Kowane mako takan rubuta shawara ɗaya a allon bango da Larabci, sannan ta maimaita da baki da Hausa saboda tsofaffi. Kalmar sirrinka makullin akwatinka ce, ko ɗan uwanka kada ka ba shi. In ka gama, ka fita daga imel ɗinka kafin ka tashi daga kujera. In wuta ta fara ƙyafta ido, yi maza ka adana aikinka. Wanda ya aiko maka cewa ka ci kyauta, alhali ba ka shiga gasar kowa ba, goge saƙonsa ka yi gaba.

Idan ta haɗa wa mace kira, takan ɗora mata abin sauraro a kunne, ta fita baranda don ta ba ta wuri. Nan za ta tsaya tana kallon ruwan tur'a, dariyar mutane da shagwaɓarsu suna fitowa ta taga. In an gama a yi mata godiya, "Allah ya saka, Ustaza," kowa ya kama hanyar gidansa.

Wata Talata cikin shekara ta biyu, wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ƙi shiga sai da ya cire takalmansa. Ta san shi. Baba Sambo ne, wanda ya yi shekara arba'in yana gadin ƙofar ruwa, yana buɗe wa gonaki yana rufewa. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa duk suna Damazin, shi kaɗai yake kwana a gidansa.

"Ɗiyata," ya ce, "an ce mini akwatin ga ya san ko'ina a duniya."

"Ya san wurare da yawa, Baba. Ina kake nema?"

"Tungar Jibo."

Ba ta taɓa jin sunan ba. Ya zauna a gefen kujera ya yi mata bayani. Kakansa Abdussalami, maƙeri ne, ya baro Tungar Jibo a ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya nan ya yi tsinkar auduga, ya yi aure, ya haihu, har ya mutu bai ga Makka ba, bai kuma koma gida ba. Ya baro ƙane ɗaya mai suna Gambo. Abin da Sambo ya sani ke nan, sai wata tsamiya da aka ce tana ƙofar maƙerarsu.

"Ba komai nike so gare su ba," ya ce. "Su dai san ba mu ɓace ba."

Suka duba taswira. Ta buga sunan iri uku, babu. Ta nuna masa Sakkwato daga sama, ga gulbi, ga ɗigo-ɗigon ƙauyuka marasa suna. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗaya daga cikinsu ne," ya ce.

Sai ta tuna akwai zauruka a Fesbuk inda mutanen yanki ɗaya suke taruwa. Ta nemo wani na mutanen wajen, ta ce masa ya faɗi abin da yake so ta rubuta. Nan ta gane abin da ba ta taɓa lura da shi ba: ta buga dubban takardu da Larabci, amma ba ta taɓa rubuta layi ɗaya da harshen da aka yi mata goyo da shi ba. Haka ta riƙa harhaɗa baƙaƙen boko tana gogewa, shi kuma yana faɗa a hankali, kamar mai magana a gaban alƙali. "Ni Sambo ɗan Gado, jikan Abdussalami maƙeri, ina gaida mutanen Tungar Jibo. Muna nan ƙasar Sudan, mun yi yawa. In akwai wanda ya saura daga gidan Gambo, ya amsa mini." Ta aika.

"Yaushe za su amsa?"

"Wataƙila gobe, Baba. Wataƙila kuma a daɗe."

Aka daɗe. Kowace Talata da Asabar sai ga shi da butar gahawa da ƙananan kofuna biyu a cikin jaka. Ta buɗe zauren, su duba tare. Mutum uku suka danna alamar sun ji daɗin saƙon, wani ya rubuta "Allah ya sada ku," shi ke nan. Sambo ya gyaɗa kai ya zuba musu gahawa.

A cikin watannin nan ne wayoyi masu intanet suka fara cika ƙauyen. Matan da take haɗa wa kira suka sami nasu, suna magana daga kan gadajensu. Ita ce ma ta koya wa yawancinsu yadda za su yi. Ɗakin ya riƙa raguwa, daga ashirin zuwa bakwai, daga bakwai zuwa biyu. Wata ranar ita da tsohon ne kawai, da ƙarar fanka. Yakan ba ta labarin shekarar da tur'a ta ɓalle ta cinye dawar mutane, da yadda kakarsa take kiran abubuwa da sunayen da yanzu ko 'ya'yansa ba su sani ba. Ita ma ta sami kanta tana ba shi labarin Medani, da mijinta, da yadda yake dawo mata da mangwaro a aljihun jallabiya. Tun da ta dawo ba ta yi wa kowa wannan hirar ba.

A wata na huɗu ya yi zazzaɓi, ya yi mako biyu bai zo ba. Da ya dawo ya rame, yana dogara sanda. Suka duba, babu komai. Ranar bai zuba gahawar ba, ya koma da ita yadda ya kawo.

Bayan ya tafi Ruqaya ta zauna gaban kwamfutar. Ta san yadda ake buɗe sabon shafi da kowane suna, aikin minti biyar ne. Ta buɗe wurin rubutu ta fara: "Ni jikan Gambo ne, mun ji saƙonka." Ta ƙara layi biyu a kan tsamiya. Ta karanta, ta ga har ta saka kalmar Larabci a ciki ba ta sani ba. Ta yi tunanin yadda zai sa ta maimaita masa sau uku, ya tafi masallaci ya gaya wa mutane, sannan ya dawo ya ce ta tambayi jikan Gambo su wane ne suke raye. Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗakin. Ta goge, ta kashe kwamfutar. Abin da ta yi a maimakon haka shi ne ta sake aika saƙon nasa a zauruka biyar, ta kuma bi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su tambayi tsofaffinsu.

Amsar ta zo bayan sati shida, daga wani malamin makaranta mai suna Nuraddeen. Ya ce Tungar Jibo tana nan, amma gari ya haɗiye ta, yanzu unguwa ce, shi ya sa ba ta a taswira. Ya je ya tambaya. Maƙeran sun watse, sai wata tsohuwa, Kulu, jikar Gambo, tana zaune wurin ɗanta. In ana so zai kai mata waya ranar Asabar.

Ruqaya ba ta jira Talata ba. Ta je gidan Sambo da kanta, ta same shi a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiyar gado. Da ta gama faɗa ya ajiye igiyar, ya ce, "Sake faɗi." Ta sake.

Ranar Asabar ya zo da farar jallabiya da rawani, kamar ranar idi. Ta haɗa kiran, ta ɗora masa abin sauraro, ta juya za ta fita baranda. Ya kama gefen mayafinta.

"Zauna, ɗiyata. Ki sa mu ji tare."

Ta mayar da sautin ga lasifika. Layin yana yankewa, magana tana isowa a makare, har shi da Kulu suka riƙa yin sallama a lokaci ɗaya suna yin shiru a lokaci ɗaya. Sannan muryar tsohuwa ta fito sarai.

"Wa ke magana?"

"Sambo ne, jikan Abdussalami."

"Abdussalami da ya tafi gabas?"

"Shi."

"Ikon Allah. Mu an ce muna ya mutu a hanya. Har sadakar arba'in anka yi mishi."

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ina gida, ina iyali, ina gajiya, yaya ruwa. Ya lissafa mata 'ya'yan Abdussalami da jikoki, ita ma ta lissafa na Gambo, yawancinsu ta bi sunan da "Allah ya jiƙan shi." Ya tambayi tsamiyar, ta ce an sare ta tun tana budurwa, an yi shaguna a wurin. Daga nan maganar ta ƙare musu. Can ta ce, "To, ka zo mana." Ya ce, "In Allah ya yarda." Layin ya yanke, ba a sake samu ba.

Sambo ya zauna hannuwansa a kan gwiwa. "Yadda take cewa ikon Allah," ya ce, "haka innata take faɗi." Ya share fuskarsa da bakin rawani, ya zuba musu gahawa.

Sun sake gwadawa sau biyu. Na farko Malam Nuraddeen yana tafiya, na biyu Kulu ba ta jin daɗi, ɗanta ne ya karɓa, suka gaisa a gajarce. Sambo bai matsa ba. Ya ci gaba da zuwa duk da haka, har ƙarshen damina, lokacin da babban ɗansa ya zo da mota ya ce ba zai sake barinsa shi kaɗai da ciwo ba. Sambo ya biyo ta nadi ya yi mata sallama, motar tana jira a bakin hanya.

"Kin yi mini abin da ba a biya," ya ce. "Allah ya ba ki mai yi miki."

"Amin, Baba. Ka riƙa shan maganinka."

Ta tsaya a baranda har motar ta haye gada.

Bayan tafiyarsa ta ci gaba da buɗe ɗakin wata uku. Masu zuwa yanzu a bakin ƙofa suke tsayawa da waya a hannu: wannan ta cika da hotuna, wancan ya manta kalmar sirrinsa. Ta gyara musu cikin minti kaɗan su wuce. Sauran lokacin takan share ƙurar kwamfutocin, ta zauna har a kira magariba.

Da sanyi ya shigo dattawan nadi suka yanke shawarar mayar da kwamfutocin makarantar 'yan mata, ɗakin kuma a riƙa ajiye kujerun biki a ciki. Shugabar makarantar ta aiko a tambaye ta ko za ta riƙa zuwa da safe, sau biyu a mako, ita ma a kyauta. Ruqaya ta ce za ta yi shawara. Ta miƙa makullin nadi ranar Alhamis, ta yi kwana biyu a ɗakinta ba ta fita ba. Ranar Lahadi da safe ta bi amalanken jakin da ya ɗauki kwamfutocin, tana tafe a bayansa, tana ce wa mai jakin ya bi a hankali wajen ramuka.