Kububuwa a Hannun Bev

Sunusi ya zo Manchester ne don karatun dafin maciji. Mutumin Kaltungo ne, inda ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin irin wannan karatu ba. Yana zaune a wani ɗan flat a Rusholme, saman shagon gasa kaza, motocin Wilmslow Road na girgiza masa taga tun daga safe.

Maƙwabciyarsa Justina a Manchester aka haife ta, amma ubanta mutumin Jos ne, a bakinsa ta tsinci Hausa. Da can tana koyar da zane a wata cibiyar matasa, sai hukumar gari suka ce babu kuɗi, suka garƙame ƙofa. Ta koma wani shagon tatu, tana zana wa mutane abin da suke so a fata da allura.

Wata Asabar ta tare shi a matakala da takardu a hannu.

"Dakta, duba min. Bana kowa maciji yake so."

"Ban zama dakta ba tukuna. Me za su yi da shi?"

Ta yi masa bayani. Wanda aka sallama daga aiki, mai yin saɓa yake so, wai sabuwar rayuwa. Masu soyayya sun fi son wanda ya ciji wutsiyarsa, don ba shi da ƙarshe. Wanda ya tashi daga ciwo kuwa, mai nannaɗe da sanda, irin na jikin motar asibiti.

Sunusi ya duba zanen nata. Kan gamsheƙa ne, jikin mesa, ga kuma gashin ido zara-zara.

"Wannan ba ya cikin halittar Allah," in ji shi.

"To zana min na gaske."

Ya ce mata addininsa bai yarda da zanen jiki ba. Ta ce ai ba jikinsa ta roƙa ba. Ya shiga ɗaki ya yi ta juya maganar, amma gashin idon nan ya hana shi sakat. Bayan la'asar ya ɗauki fensir ya zana macijiyar da ya fi sani, kububuwa. Gajera, mai faɗin kai, da farin ɗigo a jere bisa gadon baya, ta lanƙwashe jiki yadda take yi in tana goga ɓawonta don gargaɗi. Ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofar Justina, ya koma ga karatunsa.

Da bazara ta kewayo, mahaifiyarsa Inno ta zo Birmingham wurin yayarsa Saudatu, wadda ke aikin akanta, tana zaune a Sparkhill. Ciwon suga ya buɗe wa Inno gyambo a ƙafa, likitan unguwa ya ce za a riƙa turo nas gida tana wankewa. Sunusi ya hau jirgin ƙasa ya je gaishe ta, ya tarar nas ɗin ta riga shi isa. Wata Baturiya ce mai jiki, sunanta Bev, tana ba da haƙurin makara, wai su uku yanzu suke yin aikin da mutum bakwai ke yi a da.

Bev ta durƙusa gaban kujera, ta naɗe hannun riga. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ga kububuwar Sunusi kwance, ɗigo ɗaya bai ɓace ba.

Inno ta janye ƙafarta a hankali.

"Sunusi, tambaye ta wa ya yi mata wannan."

Ya tambaya. Bev ta washe baki. Ta ce a Manchester aka yi mata, bayan ta gama jinyar cutar daji. Ta zaɓi wannan ce don ta fi sauran kama da gaske, kuma mai zanen ta ce maciji alamar waraka ne.

"Ta ce alamar samun lafiya ce, Inno."

"Gaya mata wannan kububuwa ce. Ita ta kashe ubanku a gonar gero."

Sunusi ya juya ya ce wa Bev mahaifiyarsa ta san irin wannan macijiya a gida. Saudatu, wadda ke tsaye bakin ƙofa da tire, ta harare shi, ta fassara maganar yadda aka faɗe ta, har da gonar.

Fuskar Bev ta yi ja. Ta sauke hannun riga da sauri, ta tuna ba a yarda ta yi aiki haka ba, ta sake naɗewa. Ta ce za ta rufe wurin da bandeji, ko ta roƙa a turo wata, ko da yake ba ta san wa za a turo ba.

"Ta bar shi a buɗe," in ji Inno. "Wadda ta sari Malam ba mu gan ta ba sai daga baya. Wannan dai ina ganinta."

Ta miƙa ƙafa. Duk tsawon wankin, idonta na kan hannun. Can ta ce, "Wanda ya zana wannan ya san ta." Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. Sunusi ya duƙufa karanta takardar da ke jikin kwalin auduga, gaba da baya.

Bev ta ci gaba da zuwa. Ba sa jin yaren juna, amma Inno na ajiye mata ƙosai a leda, ita kuma ta koyi cewa sannu. Gyambon ya yi ta ƙanƙancewa har ya rufe.

Ranar zuwanta na ƙarshe Sunusi na nan. Da Bev ta gama haɗa jakarta, Inno ta yafito ta, ta kama hannun, ta juya shi wajen hasken taga. Ta sa yatsa ta bi macijiyar daga wutsiya har kai. Wadda ta sari Malam, maza sun farfasa ta da fartanya kafin Inno ta iso gonar, ba ta taɓa samun zarafin kallonta da kyau ba.

"Girmanta ke nan?"

"Girmanta ke nan, Inno," in ji Sunusi.

"Ashe ƙarama ce."

Ta saki hannun, ta gyara mayafinta, ta ce wa Saudatu a zuba wa baƙuwa shayi kafin ta wuce gida na gaba.