Karkatacciyar Ƙofar Inna

Sau uku ke nan Inna tana ficewa daga gidan Auta. Na farko a bakin kasuwa aka same ta. Na biyu wani mai facin taya ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita. Na uku kuwa a tsakiyar babban titi aka gan ta, motoci na kauce mata, tana tafe da takalmi ƙafa ɗaya. Duk wanda ya tambaye ta ina za ta, amsar ɗaya ce: "Ɗakina." Ɗakin kuwa shekara biyu ke nan da aka rushe shi tare da duk unguwar, amma wannan labari ya ƙi zama a kan Inna.

Yaya, babbar 'yarta, ta yanke magana a waya. "Auta, ran Asabar zan zo in ɗauke ta. Ni a bene nake, in na kulle ƙofa ba inda za ta."

Auta ya san benen. Hawa na huɗu, taga ɗaya. Ya san in aka kai Inna can ba za ta daɗe ba, kuma ya san Yaya ba mugunta take nufi ba, tsoro ne irin nasa.

"Ki ba ni zuwa Asabar ɗin, Yaya. Zan yi mata ɗakinta."

Haɗa ƙarfen rufi ne sana'arsa, kuma Allah ya zuba masa tsantseni har ya yi yawa. Mutum ne da zai kwance aikin yini guda saboda kuskuren da ido ba ya gani. A bayan gida, tsakanin famfo da katanga, ya auna faɗin tsohon ɗakin yadda ya tuna shi. Ya shimfiɗa ƙarafan ƙasa a kan siminti, ya tsayar da siraran ƙarafan bango, irin masu kwari a ciki, ya ɗaure kowanne da sukuru sama da ƙasa. Ya ɗora na rufi, ya buga kwano, ya rufe bango da alluna. Bakin ƙarfen ya yayyanke masa yatsu, bai ko duba ba. Kwana uku, abinci ma a kan tsani yake ci.

Ran Juma'a da hantsi ya kawo Inna. Ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

"Na wane ne? Ya yi kyau," in ji ta, ta juya ta nufi ƙofar fita.

Auta ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Ya ji kamar ya yi ihu. Faɗin daidai, tagar a gurbinta, gadonta da tabarmarta duk suna ciki, me kuma ya rage? Gobe Asabar.

Matarsa ta dawo da Inna ta zaunar da ita a inuwa, sannan ta zo ta tsaya a kansa.

"Baban yara, ka taɓa ganin Inna ta shiga ɗakinta a miƙe?"

Ya ɗago.

"Sunkuyawa take yi. Ta dafa gefen ƙofa da hannun hagu, wajen ƙusar da take rataye makulli, ta sa ƙafa ta ɗaga ƙyauren don yana jan ƙasa. Kai ka yi mata ƙofar ofis."

Gaskiya ne. Mahaifinsu ne ya kafa waccan ƙofar, shi kuwa Allah ya jiƙansa, da ido yake awo, idon ma ba wani na kirki ba. Shekara nawa Auta ya yi yana roƙon a bar shi ya gyara ta, Inna tana cewa wata rana.

Ya tashi ya ɗauki injin sukuru. Ya sauke ƙarfen saman ƙofa da taƙi guda. Ya kwance ƙarfen hagu ya tura kansa gefe har ɗigon ruwan da ke cikin ma'auninsa na duba saiti ya gudu can ƙarshe, ya runtse ido ya ɗaure shi a haka. Ya sassauta ƙyauren ya bar shi yana jan ƙasa. Ƙarfe ba ya riƙe ƙusa, sai ya faskare ƙafar wata tsohuwar kujera ya cusa katakon cikin kwarin ƙarfen, ya buga ƙusa a daidai kafaɗar Inna. Tun da yake bai taɓa yin mummunan aiki irin wannan ba, kuma bai taɓa yin addu'a a kan aiki kamar haka ba.

Da safe Yaya ta iso, makullin mota a hannu. Inna kuwa ta riga ta yafa mayafi tana laluben hanyar fita. Auta ya juya ta a hankali ya fuskantar da ita bayan gida, ya sake ta.

Ta yi taku biyar ta tsaya. Sai ta sunkuya. Hannun hagunta ya tafi da kansa ya sami ƙusar, ƙafarta ta ɗaga ƙyauren. Ta shiga ta zauna a bakin gado, ta cire mayafi ta ninke, ta yi doguwar ajiyar zuciya.

Yaya ta sa makullin motar a jaka.

Can Inna ta leƙo, ta ga mutum tsaye da yatsu a naɗe da tsumma.

"Bawan Allah, kai ne mai aikin? Sannu. Amma ba ka iya ba, dubi ƙofar nan a karkace." Ta yi murmushi. "Bar ta haka. Ina da auta, shi ne gwani. In ya zo zai gyara min."

Auta ya gyaɗa kai.

"To, Inna," ya ce. "Zan gaya masa."