Zogalen Iya da Kajin Ruƙaya

"Ajiye galan ɗin nan, Musbahu," in ji Iya Aminat daga kan angarib, gadonta na igiya. "Zogalena ba auduga ba ne."

Shigowata ke nan da kwanon kunu, na tarar ɗanta ya ɗauko maganin da suke fesa wa auduga a hawasha, wato gona. Zogalen ya zama tsirara, tsutsa ta cinye ganyen kaf. Ita ma Iya, maƙwabciyar tawa, tun farkon damina take kwance. Kakarta ce ta zo da irin zogalen a ƙulle a bakin zane, sa'ad da suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango kusa da Wad Haddad a ƙasar Sudan.

"Yumma, feshi ɗaya, halas, an gama," in ji Musbahu, da haka yake kiran Iya.

"Halas ga tsutsa, halas ga mai cin kwaɗo. Rabin unguwa nan suka tsinka." Ta dube ni. "Ustaza, kira min Ruƙaya. Ta taho da kajinta."

Na zaci zafin zazzaɓi ne. Iya da Ruƙaya sun daɗe ba sa gaisawa, kuma kan kajin nan ne, masu tone mata shuka.

Ruƙaya ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Kajin da kinka ce ɓarayi na?"

"Har yau ɓarayi na. Aiki ni samo musu."

Haka muka fara. Da safe kafin in tafi makaranta, ni da Ruƙaya mu girgiza rassa, tsutsa ta zubo, kaji su yi mata caa. Musbahu ya sassare kan itatuwan, ya buɗa ƙasar gindinsu don kaji su tono masu ɓuya. Da la'asar mu yayyafa ruwan ganyen darbejiya da muka jiƙa. Iya na kwance a inuwa tana ba da umarni. Da muryarta ta dushe, sai ta koma nuni da yatsa.

Kullum idonta na kan rassan, ni kuma nawa na kanta. Tsakaninta da zogalen, ban san wanda zai riga wani tafiya ba.

Wata safiya Ruƙaya ta rangaɗa guɗa. Toho ya fito, ɗanye shar, babu huda ko ɗaya. Da ganyen ya ɗan tasa, ta tsinko, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ɗago kan Iya ta sa mata a baki.

Iya ta daɗe tana taunawa. "Gishiri ya yi yawa," ta ce. Sannan ta damƙe hannun Ruƙaya. "Amma mun kashe su, ko?"

"Mun kashe su, Hajja."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa.

Mata sun cika gidan wajen zaman makoki. Kajin suka shigo kamar kullum, suka ratsa tsakanin tabarmi. Wata baƙuwa ta ɗaga takalmi za ta kore su, Musbahu ya ce ta bar su. Suka wuce gindin zogalen, suka kwanta a sabuwar inuwa.