Na Ɗaga Abban Saif a Gaban Hajiya

Hibatullah, Abban Saif ya dawo! Wallahi ya dawo gida, ga shi can falo kan kekensa na marasa lafiya, Saif na barci a cinyarsa.

Kin tuna matar nan ta mustashfa, asibitin da aka kwantar da shi, mai tabarau? Aikinta ke nan fa, ta dubi mara lafiya ta ce wannan gida zai koma, wancan dar ri'aya, inda ake ajiye waɗanda ba su da mai kula da su. To ita ta yanke wa mijina can za shi. Wai tun da bas ɗin alhazai ta kife da shi a hanyar Bi'ir Ali, lakarsa ta taɓu, ƙafafu suka daina aiki, tana lura da mu. Lura!

Me ta gano? Wai matarsa ta ɓace fiye da wata guda. Ni da na haihu ina unguwar Uhudu wajen Ummi ina wankan jego! Wai kuma da na dawo, bakin ƙofa nake zama, ba na taɓa shi, ko kallonsa ba na yi. Mahaifiyarsa Hajiya na zaune a gefen gado, in yi me? In haye cinyarsa?

Shi ko wansa, Yaya Sanusi, sarkin Larabci, bai iya cewa kunya ce ba. Sai gyaɗa kai kamar ƙadangare, tayyib, tayyib. Har ya je ya gano wurin, wai akwai lambu. Ya je ya zauna a lambun mana.

Ranar Lahadi ta tara mu. Ta ce duk wanda za a sallama gida, sai an ga mai sauke shi daga gado zuwa keke. Ta dubi Hajiya, tsohuwa. Ta dubi Yaya Sanusi, nan take ya dafe ƙugu, wai ciwon baya. Ni ko ba ta dube ni ba.

Na ce, "Ni zan yi."

Ai na iya. Daga bakin ƙofar nan na ga yadda ma'aikatan ke yi, na yi ta gwadawa a kan Ummi har ta ce zan karya ta. Amma Hibatullah, sai kin haɗa gwiwa da gwiwarsa, kin rungume shi ƙirji da ƙirji, haɓarsa a kafaɗarki. A gaban Hajiya! Na tsaya. Matar har ta fara murmushin nan nata.

Sai Hajiya ta ja mayafi ta juya fuskarta bango. Ta ce, "Ni ban ga komai ba. Ɗauki mijinki, 'yar nan."

Na miƙa wa Yaya Sanusi Saif, na ce riƙe, ko shi ma zai taɓa bayan? Na danne birkin keken, na rungumo Abban Saif. Yana ce min a kunne, "Ke, Hajiya fa." Na ce yi shiru ka riƙe ni. Na farko ya zame, muka koma gado. Na biyu, bismillah, sai ga shi zaune daram a keke.

Matar ta ce masha Allah da bakin da ba ya so, wai za ta sake duba lamarin. Ta duba da kyau.

Ki faɗa wa Anti Raliya da duk mutanen unguwar Ƙurban, su zo gaisuwa. Amma don Allah ki ce ɗaga shi na yi, kar ki ce runguma.