Agogon Auta

Mai Agogo ba mutumin da ake gardamar lokaci da shi ba ne. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan shagonsa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan jama'a. Duk layin, da agogunan bangonsa ake saita lokaci, kuma yana ji da hakan ba kaɗan ba.

Ranar nan Autarsa ta tafi karatu wata ƙasa, can ƙetaren teku. Uwarta ta ƙi, ta sha kuka, shi ya kafe sai ta je. A bakin filin jirgi ta ce masa, "Baba, bakwai na safe za mu tashi, sha biyu mu sauka. Ina sauka zan kira ka."

Ya ƙirga a yatsa, awa biyar. Ashe ma ba wani nisa, in ji shi, mutane ne dai da zuzuta abu.

Sha biyu ta yi, agogunan bango suka buga tare, waya kuwa shiru. Ya ce ƙila kaya take nema. Da ƙarfe ɗaya ta gota ya kira, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Mutumin da bai taɓa yar da ko ƙusa ɗaya ba, sai ga shi ya zubar da ƙananan ƙusoshi a ƙasa, yana rarrafe ƙarƙashin tebur yana laluben su.

Matarsa ta bugo. "Malam, ta kira ka?"

"Layin ne ba kyau," ya ce, ya yi maza ya kashe.

Tsoro ya kama shi sosai. Teku kawai yake gani, da fuskar matarsa in ya koma gida hannu rabbana, shi da ya ce a bar yarinya ta tafi. Mai aski na kusa da shi ya miƙo masa shayi, har ya huce bai kurɓa ba.

Sai da rana ta yi gora, shida ta ɗan wuce, wayar ta yi ƙara.

"Baba, mun sauka lafiya. Kan lokaci ma, sha biyu daidai."

Ya dubi bango. Agogo fiye da ashirin, duk bakinsu ɗaya. "Wace sha biyun, Auta? Shida ta wuce."

Ta yi dariya, muryarta duk gajiya. "Ta nan nake nufi, Baba. Kun riga mu da awa shida. Awa sha ɗaya muka yi a sama, har ƙafata ta kumbura."

Ya zauna kan benci. Ya yi hamdala, ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, bai damu da mai aski yana kallo ba. "Kira uwarki yanzu," ya ce. "Kada ki gaya mata lissafina."

Kafin ya rufe shago ya sauko da agogon da ya fi so, ya mayar da hannun agogon baya da awa shida, ya rataye shi daidai saitin teburinsa.

Washegari da safe wani ya kawo gyara, ya ɗaga kai ya ce, "Mai Agogo, yau kai ma naka ya lalace."

Bai ko ɗago ba. "Lafiyarsa lau. Yi magana a hankali, Auta ba ta tashi daga barci ba."