Manhajar Kemis ɗin Alhaji Ɗanlarai

Yagana ba ta da haƙuri da masu aikin ganin ido, kuma a Bauchi ta ce sun fi ƙudan mangwaro yawa. Ita ce ta rubuta manhajar sayar da magani ta babban kemis ɗin Alhaji Ɗanlarai da ke Fadaman Mada. Manhajar tana aiki lafiya lau, sai wani ciwo guda: ana tsakiyar ciniki sai tagarta da ke kan allo ta yi fari fat, ta ƙame, sai an kashe kwamfuta an kunna. Wani lokaci a yi mako ba ta yi ba, wani lokaci ta yi kafin azahar ta sake yi bayan la'asar.

Abin haushin kuwa, in Yagana tana wurin, manhajar sai ta zama saliha.

"'Yata, wannan abu tsoronki yake ji," in ji Alhaji. "Ko dai mu sa miki kujera a nan dindindin?"

Ta yi murmushin dole, don babba ne. Amma ranar da ta dawo ta tarar ya kira wani Elisha, mai gyaran kwamfuta daga unguwar Ɗan Iya, murmushin ma ya gagara. Elisha ya zo da jaka cike da wayoyi, da katin shaida rataye a wuya da aka rubuta wa "Injiniya" da manyan baƙaƙe. Ya goge komai na cikin kwamfutar, ya sake zubawa, ya hura mata iska, ya sauya hoton bangon allo zuwa na wata mota ja.

"Madam, ƙwayar cuta ce," ya ce, yana karkaɗe hannu. "Na kashe ta."

"Mene ne sunanta?"

"Ai suna da yawa."

Ta dube shi daga takalmi har katin wuya. Wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, shi ne wai zai tsayar da damina. Kafin Juma'a tagar ta sake yin fari.

Zarginta yana kan laburaren da ta yi amfani da shi, wato tarin umarnin da wasu mutane a ƙasashen waje suka rubuta don zana tagogi da maɓallai, kowa ya ɗauka kyauta. Ta sa manhajar ta riƙa bayyana duk motsin da take yi, sai ciwon ya ɓuya, domin bayanin yana rage mata gudu. Ta cire, ya dawo a bayan idonta. Daga ƙarshe ta kwaso kwamfutarta ta tare a bayan kantar shagon, tsakanin kwalayen maganin tari, tana kallon Liatu mai karɓar kuɗi tana aiki.

Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana kan inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir. Amma ƙaramin allon da ke fuskantar masu saye, wanda yake nuna musu farashi, ya mutu, ya dawo da aka tada janareto. Ba abin da ya faru. Da yamma wuta ta sake tafiya daidai lokacin da Liatu ta danna maɓallin biya. Fari fat.

Yagana ta miƙe tsaye. Ta bi wayar ƙaramin allon, ta ga a bango aka soka ta, ba a kan inbata ba. Ta kunna komai, ta ce wa Liatu, "Danna in na ce danna." Ta fizge wayar. Ba komai. Ta sake, ta sake, har hannunta ya dace da lokacin. Fari fat. Ashe in allo ya ɓace laburaren yana tsakiyar zane, sai ya tsaya jiran allon da babu shi, ya yi ta jira har abada.

Ta rubuta wa masu laburaren bayani dalla-dalla. Amsa ta zo a layi biyu: sun gwada ba su ga matsala ba, kuma allo ba ya ɓacewa haka kawai, ta duba wayarta. Suka rufe maganar.

Ta yi tsaki har Liatu ta waiwayo. Mutanen da wuta ba ta taɓa yanke musu tuwo a baki ba, su ne za su gaya mata abin da allo yake yi da wanda ba ya yi! Ta buɗe cikin laburaren da kanta, ta nemo wurin jiran, ta sa masa iyaka. Ta mayar da wayar allon kan inbata. Sannan ta yi ta fizge waya har ta gaji, tagar ko gezau.

Bayan hutun Sallah ta leƙo kemis ɗin. Alhaji ya tarbe ta da fara'a.

"Kin ga aikin yaron nan Elisha? Ya ce da ma maganinsa a hankali yake kamawa. Na ba shi sauran shagunana biyu. Ke ma ki riƙa tambayarsa abin da ya shige miki duhu."

Liatu ta sunkuyar da kai tana jera kwalabe.

"Allah ya ba da sa'a, Baba," in ji Yagana.

Ta fita ta tari keke zuwa Tirwun, inda wata mai gidan kaji take jiranta da sabon aiki.