Faɗuwar Warwick a Kan Dandamali

Da Warwick ya zube a kan dandamali, sai ɗakin ya kaure da shewa. Masu furfura sanye da rigunan fata suka ɗaga kofunan giya, wayoyi suka yi sama ana ɗaukar bidiyo. Kowa ya san wasan. Duk Lahadi da la'asar, a waƙar ƙarshe, yakan yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kamar yadda mawaƙin da yake kwaikwayo ke yi a zamanin ƙuruciyarsu. Shekara goma sha ɗaya ke nan shi da abokansa uku suna raya tsofaffin waƙoƙin pank, kiɗan Turawa mai hargowa, a wannan kulob na garin Geelong a Ostareliya.

Glenys ce kaɗai ba ta tafa ba. Maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma ta tsani wannan hargowa. Motarsa ce ta ƙi tashi, shi ya sa Glenys ta kawo shi. A hanya ta ga yana dafe ƙirji, ta ce kada ya hau, ya yi dariya ya ce, "Haba Glenys, kifi da dankali ne suka tsaya mini."

Shekara talatin ta yi tana aikin jinya. Ta ga ƙafarsa ba ta motsa ba, leɓɓansa sun soma duhu.

"Ku tsai da kiɗan nan!"

Wa zai ji ta? Stavros mai jita ya rufe ido yana ta zuba hannu. Ta kutsa cikin mutane, wani ƙato ya tare ta da gwiwar hannu.

"Ke tsohuwa, kin tare mini hoto."

"Matsa, sakarai!" Ta kaɗe wayar daga hannunsa, ta haye dandamali, ta fizge wayar wuta daga bango. Wurin ya yi tsit. Ta durƙusa ta buɗe rigar fatar Warwick, ta yage ta ciki tana danna ƙirjinsa, tana ƙirge da ƙarfi, har motar asibiti ta iso. Bai kai asibiti da rai ba.

Ranar Laraba Stavros ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, yana murza hula a hannu.

"Glenys, na rantse mun ɗauka wasa ne."

"Minti uku kuna kiɗa a kan mutum yana mutuwa. Da shi ka yi makarantar firamare, amma ko kallonsa ba ka yi ba."

Stavros ya ce, "Za mu yi masa wasan tunawa ranar Lahadi. Bidiyon ya bazu, wurin zai cika maƙil. Mun samu wanda zai yi waƙar. An ce rigarsa ta fata tana wurinki."

"Sabon naku, shi ma zai faɗi a waƙar ƙarshe?"

Stavros ya kalli takalminsa. "Mutane sun saba..."

"Fita mini daga gida! 'Yarsa na tafe daga birnin Perth, ita zan danƙa wa rigar. Ku je ku yi haukanku, amma ba da kayansa ba. Kai, ko kunya ba ka ji?"

Ta buga ƙofa har gilashi ya girgiza. Ta jingina da bango. Haushin Stavros take ji, da na ƙaton nan, da na Warwick mai taurin kan tsiya. Akwai kuma haushin kanta, wanda ba ta gaya wa kowa ba: ita ma sai da ta tsaya ta ji baiti guda kafin ta tashi daga kujera.

Da yamma ta fito da kwandon shara bakin titi, don gobe motar kwasa za ta zo. Kowane gida ya fitar da nasa, ban da na Warwick. Ta buɗe ƙyaurensa, ta jawo nasa a kan tsakuwa yana ƙara, ta ajiye shi kusa da nata, ta gyara masa murfi.